"Zafin da ba a taɓa gani ba a tarihi": wane tarihi ake nufi?

A ranar 3 ga Afrilu, 2024, ma'aunin zafi a garin Kayes da ke yammacin Mali ya nuna digiri 48.5 a ma'aunin Salshiyas. Kwanakin sun faɗo cikin goman ƙarshe na azumin Ramadan, kuma zafin ya mamaye Burkina Faso da Nijar da Chadi da arewacin Najeriya. Kafofin labarai suka yi ta maimaita cewa ba a taɓa ganin irinsa ba a tarihi. A majalisun unguwa kuwa, ba a rasa dattijon da ya ce shi kam ya ga wanda ya fi wannan, ya kuma kawo shekarar da aka yi.

Irin wannan musu yakan dawo duk bazara. Abin da zai raba gardamar shi ne kundin da ake rubuta yanayi a ciki: yaushe aka buɗe shi, wa yake rubutawa, da me yake aunawa, kuma me ya tsallake.

Abin da lambar take nufi

Idan hukumar yanayi ta ce an yi digiri 44 a Sakkwato, zafin iska take nufi, a inuwa. Ƙa'idar Hukumar Kula da Yanayi ta Duniya, WMO, ita ce a ajiye ma'aunin cikin wani farin akwati mai ƙofofin shan iska, a ɗaga shi kamar mita ɗaya da kwata zuwa mita biyu daga ƙasa, a fili, nesa da gini da kwalta. Saboda haka lambar da ma'aunin mota ke nunawa bayan ta wuni a rana ba ta shiga lissafi. Wadda ake gani a wayar hannu ma galibi hasashen kwamfuta ce. Wani lokaci kuma wayar na nuna lamba ta biyu, wadda ta haɗa zafi da laimar da ke cikin iska don kwatanta yadda jiki ke ji, ita ce mutane kan ɗauka su yaɗa cewa an kai digiri 50 a garinsu.

Wannan lamba ta biyu ba shirme ba ce. Duk wanda ya san randa ya san dalilin da ruwanta ke sanyi: yana tsatsafowa ta jikin yumɓu, iska ta busar da shi, ya tafi da zafin. Haka gumi yake wa jikin mutum. Lokacin hunturu randa kan yi sanyi ƙarara domin iska a bushe take. Idan iskar kudu mai laima ta fara shigowa gab da damina, gumi ya daina bushewa, sai digiri 38 ya fi digiri 42 na busasshiyar iska wahalarwa.

Akwai kuma bambanci tsakanin yanayin yau da yanayin wuri, duk da cewa kalma ɗaya muke amfani da ita. Na farko shi ne abin da aka wayi gari da shi. Na biyu matsakaicin shekara 30 ne, shi masana ke kira "abin da aka saba". A yanzu ana amfani da 1991 zuwa 2020. A da ana amfani da 1961 zuwa 1990. Wannan canji yana da muhimmanci, domin idan aka ce bazarar bana ta ɗara abin da aka saba da digiri ɗaya, ana gwada ta ne da shekarun da su kansu sun riga sun fi na kakanni zafi.

Shi kuwa "matsanancin zafi" ba shi da lamba ɗaya da duniya ta yarda da ita. Ma'anarsa kwanaki a jere da zafi ya wuce abin da wannan wuri ya saba a wannan lokaci na shekara. A ranar 19 ga Yuli, 2022, Ingila ta kai digiri 40.3 karon farko tun da ta fara aunawa, har aka dakatar da jiragen ƙasa da dama. A Sakkwato ko Yamai wannan lamba ranar Afrilu ce kamar kowace.

Lambar da ta yi shekara 90 kafin a soke ta

Tsofaffin littattafan makaranta sun koyar da cewa wurin da ya fi ko'ina zafi a duniya shi ne Aziziya, kudu da birnin Tarabulus na Libiya, inda aka ce an auna digiri 58 a ranar 13 ga Satumba, 1922, a wani sansanin sojan Italiya. Sai a 2012 WMO ta soke wannan lamba, bayan wani kwamitin masana ya binciki ainihin littafin da aka rubuta ta, wanda aka gano a Libiya. Sun lura cewa rubutun hannun da ke littafin ya canza kwana biyu kafin ranar, alamar sabon ma'aikaci ne ya karɓi aikin. Ma'aunin da ya yi amfani da shi tsohon samfuri ne mai sauƙin rikita wanda bai saba da shi ba, an kuma girke shi a kan daɓe mai kama da kwalta. Tashoshin da ke kewaye ba su nuna wani abu kusa da haka ba a ranar. Kwamitin ya ƙiyasta cewa an yi ƙarin kusan digiri 7.

Da aka sauke Aziziya, kambun ya koma Death Valley, wato Kwarin Mutuwa, a jihar Kalifoniya ta Amurka, da digiri 56.7 na ranar 10 ga Yuli, 1913. Ita ma wannan akwai masanan da ke tantama a kanta, haka ma digiri 55 da aka rubuta a Kebili ta Tunisiya a 1931, wadda har yanzu ita ce ta Afirka a hukumance. Lambobin da aka tantance da kayan zamani sun fi ƙasa: 53.9 a Mitribah ta Kuwait a 2016, da 53.7 a Turbat ta Pakistan a 2017. A Afirka, da yawa na ganin 51.3 da aka auna a Wargla ta Aljeriya a Yulin 2018 ita ce mafi ƙarfin hujja.

Masu shakkar ɗumamar duniya sukan kafa hujja da shekarar 1913: in har duniya na ƙara zafi, me ya sa lambar da ta fi kowace ta haura shekara ɗari? Amsar masana ita ce rana guda a wuri guda ba ta nuna alƙiblar da aka dosa, ko da lambar sahihiya ce. Abin dubawa shi ne dubban tashoshi cikin shekaru masu yawa. A nan ne WMO ta bayyana a farkon 2025 cewa 2024 ta ɗara matsakaicin 1850 zuwa 1900 da kusan digiri 1.55, kuma shekaru goma daga 2015 zuwa 2024 su ne goma mafi zafi a kundin zuwa lokacin.

Kundin namu gajere ne, kuma da giɓi

A ƙasar Hausa an fara rubuta yawan ruwan sama a kai a kai ne bayan zuwan Turawa. Kano da Damagaram da Yamai suna da bayanai tun wajen 1905. Saboda haka "tarihi" a bakin mai hasashen yanayi bai wuce shekara 120 ba a wurin da ya fi daɗewa, a garuruwa da yawa kuma bai kai rabin haka ba. Zamanin Shehu Usmanu ko na Sarkin Kano Rumfa ba ya ciki.

Cikin waɗannan shekarun ma akwai ramuka. Tashoshi da dama suna filayen jiragen sama ne, gari ya girma ya kewaye su. Wasu sun yi shekaru ba a gyara kayansu ba, wasu rikici ya rufe su, wasu bayanan kuma suna nan a takarda ba a shigar da su kwamfuta ba. WMO ta daɗe tana cewa yawan tashoshin Afirka kusan kashi ɗaya ne cikin takwas na mafi ƙarancin abin da ya kamata. Tun ƙarshen shekarun 1970 tauraron ɗan'adam na cike wani ɓangare na giɓin, amma shi ma sai an gwada abin da ya gani da ma'aunin da ke ƙasa kafin a amince da shi.

Giɓin da ya fi girma yana wajen ƙirga waɗanda zafi ya kashe. A 2020 wasu masana biyu na Jami'ar Oxford, Luke Harrington da Friederike Otto, suka duba babban kundin bala'o'i na duniya da ake ajiyewa a Beljiyam. Daga 1900 zuwa 2019 sun tarar da matsanancin zafi sau biyu kacal aka rubuta wa dukan Afirka kudu da Sahara, da mutum 71 da suka rasu. A Turai kuwa an rubuta sau 83 cikin shekara 40 na ƙarshen wannan lokaci kawai. Babu mai hankalin da zai karanta wannan ya ce Turai ta fi Sahel zafi.

Dalilin yana cikin yadda ake ƙirgawa. A watan Agustan 2003 zafi ya kashe kusan mutum 15,000 a Faransa, kimanin 70,000 a faɗin Turai a bazarar shekarar. Ba a rubuta "zafi" a takardar mutuwar yawancinsu ba. An gano adadin ne ta hanyar gwada yawan mamatan waɗannan makonni da na shekarun baya, abin da ba zai yiwu ba sai inda ake rajistar kowace mutuwa. A wurinmu, tsoho mai hawan jini ya rasu da azahar, an yi masa sutura kafin magariba, an ce ajali ne ya zo. Babu takardar da za ta nuna cewa a wannan mako unguwar ta yi jana'iza ninkin yadda ta saba.

Shi ya sa abin da asibitin Gabriel Touré na Bamako ya bayyana ya ja hankali: mutum 102 sun rasu a can cikin kwana huɗun farko na Afrilun 2024, alhali a dukan watan Afrilun 2023 mutum 130 ne. Asibiti ɗaya ke nan a birni ɗaya.

Ruwan sama: inda dattawa suka fi kundi tsawon tunani

Ta fuskar fari, abin da mutane suka riƙe a ka ya yi daidai da abin da aka rubuta. Yunwar Kakalaba ta 1913 zuwa 1914 ta biyo bayan daminar da ma'aunan lokacin suka nuna ta gaza matuƙa. Shekarun 1950 zuwa tsakiyar 1960 kuwa na ruwa ne sosai, lokacin dalar gyaɗa a Kano, lokacin da noma ya yi ta matsawa arewa cikin ƙasar makiyaya. Daga 1968 ruwa ya fara ja baya, aka yi babban fari na 1972 zuwa 1974, sannan na 1983 zuwa 1985 wanda ya fi shi ƙarancin ruwa. A sassan Nijar har yau ana kiran yunwar 1984 da sunan Buhari, domin ta zo daidai da rufe iyakar Najeriya. Farin farkon shekarun 1970 ne ya sa ƙasashen Sahel suka kafa ƙungiyar yaƙi da fari ta CILSS a 1973, da cibiyar nazarin yanayi da ruwa da noma ta AGRHYMET a Yamai a 1974.

Tafkin Chadi ya nuna haɗarin ɗaukar 'yan shekaru a matsayin "abin da aka saba". A farkon shekarun 1960 faɗinsa ya kai kimanin murabba'in kilomita 25,000. Zuwa tsakiyar 1980 ya ragu da kusan kashi 90 cikin ɗari. Babban aikin noman rani na kudancin tafkin da Najeriya ta gina a Borno an tsara shi ne bisa tsayin ruwan shekarun albarka, kafin a gama shi ruwan ya janye ya bar magudanan a bushe. Da an waiwayi farkon ƙarnin, da an ga cewa Turawan Faransa da suka auna tafkin wajen 1908 sun tarar da arewacinsa a ƙafe.

An daɗe ana saɓani kan musabbabin farin. A 1975 wani masani Ba'amurke, Jule Charney, ya kawo ra'ayin cewa idan kiwo da sare itatuwa suka tsiraita ƙasa, takan mayar da hasken rana sama, hakan ya hana hadari haɗuwa. Wannan ra'ayi ya ɗora laifin a wuyan manomi da makiyayi, kuma ya yi tasiri a kan manufofin gwamnatoci da masu ba da agaji. Daga tsakiyar shekarun 1980 bincike ya karkata ga teku: ruwan Sahel ya dogara da bambancin ɗumi tsakanin arewaci da kudancin tekun Atlantika, da kuma ɗumin tekun Indiya. Idan arewacin ya yi sanyi, damina ba ta hawowa sosai. Daga baya aka ƙara da cewa hayaƙin masana'antun Turai da Amurka na wancan zamani, mai tare hasken rana, yana cikin abin da ya sanyaya arewacin tekun. A yau mafi yawan masana sun fi ba teku nauyi, suna ɗaukar lalacewar ƙasa a matsayin abin da ya ƙara tsananta lamarin.

Tun shekarun 1990 ruwa ya ɗan dawo, amma da wani hali daban. Wani bincike da aka buga a 2017 ya nuna cewa manyan hadura masu zubar da ruwa da yawa a lokaci guda sun ninka sau uku a Sahel tun 1982. Jimillar ruwan shekara na iya yin daidai, amma ya sauka a 'yan kwanaki, a tsakani kuma shuka ta yi ta ƙishi. Ambaliyar da ta biyo bayan fashewar madatsar Alau a Maiduguri a Satumban 2024 ta zo ne wata biyar kacal bayan wancan zafi na Afrilu.

To, zafin ya ƙaru ko bai ƙaru ba?

Bazara dama ita ce lokacin zafi, kuma dalilinta bai canza ba: a Afrilu da Mayu rana na tsakar ka, ƙurar hunturu ta wuce, ƙasa ta bushe, gajimaren damina bai iso ba. Dattijon da ya ce ya sha zafi a da bai yi ƙarya ba. Watannin Musulunci na zagaye shekara cikin kusan shekara 33, don haka azumin 1990 da 1991 ma a bazara aka yi shi, kuma wanda ya yi shi yana da abin tunawa. Sai dai tunanin mutum yakan riƙe rana mafi tsanani, ba ya riƙe adadin ranakun zafi a shekara, balle zafin ƙarfe ukun dare. A waɗannan biyun ne kundin ya fi nuna canji, kuma a Sahel zafin dare ya fi na rana saurin hawa.

Wasu na cewa girman birane ne: an sare darbejiya da kuka, an shimfiɗa kwalta da siminti, ginin ƙasa mai azara ya koma bulo da kwano, ga janareta a kowane lungu. Wannan gaskiya ne, kuma shi ke sa tsakiyar Kano ta fi ƙauyen da ke gefenta zafi da dare. Amma bai bayyana dalilin da ya sa tashoshin da ke cikin hamada da kuma tekuna suke nuna hawa ba.

Wasu kuma sun danganta zafin 2024 da El Nino, ɗumamar da gabashin tekun Fasifik kan yi duk bayan shekara biyu zuwa bakwai, wadda ta faru a 2023 zuwa 2024. Ƙungiyar masana ta World Weather Attribution ta auna wannan. Hanyarsu ita ce su kwaikwayi duniya biyu a kwamfuta, ɗaya da hayaƙin da ɗan'adam ya zuba tun zamanin masana'antu, ɗaya babu shi, su ga sau nawa irin wannan zafi zai faru a kowace. Sakamakonsu shi ne rawar El Nino ƙarama ce, kuma da babu ɗumamar duniya da zafin rana a Mali da Burkina Faso ya yi ƙasa da kusan digiri 1.5, na dare da kusan digiri 2. Masu sukar irin wannan bincike na nuna cewa ingancinsa ya dogara da bayanan ƙasa, waɗanda a Sahel suke da ƙaranci, kuma su masanan ma sukan ambaci haka a rahotanninsu. Abin da ba a musu a kansa shi ne iskar kabon da ke sama ta tashi daga kusan 280 cikin miliyan kafin zamanin masana'antu zuwa sama da 420, kuma kason Afirka a hayaƙin da duniya ke fitarwa bai wuce kashi 4 cikin ɗari ba.

Inda digiri ɗaya da rabi ke taɓa mutane

Digiri 1.5 kamar ba komai ba ne a takarda. Ga jikin da ya riga ya kai maƙura, shi ne tazarar da ke tsakanin wahala da gadon asibiti. Jiki na samun sauƙi ne da dare. Idan ɗakin kwano bai huce ba har asuba, kuma babu wutar da za ta juya fanka, zuciya da ƙoda ba sa hutawa. Tsofaffi, jarirai, masu juna biyu, masu ciwon suga da hawan jini su ne a gaba, sai masu aiki a rana: birkila, ɗan garuwa, ɗan acaɓa, mai tallan titi. A aikin Hajjin 2024, lokacin da aka auna digiri 51.8 a Masallacin Harami, hukumomin Saudiyya sun ce mutum 1,301 suka rasu, kashi 83 cikin ɗari kuma ba su da izinin aikin Hajji, wato ba su da tanti mai sanyi ko motar da za ta ɗauke su.

A aljihu ma ana ji. Ƙanƙara da ruwan leda kan yi tsada a daidai lokacin da aka fi buƙatarsu, masu kiwon kaji kan yi asara, manomin alkama a Kadawa ko Haɗeja kuma ya san cewa idan sanyin hunturu ya ɗauke da wuri, ƙwayar ba ta cika. Ga manomin damina, tambayar ta koma ta lokacin shuka da irin da zai nuna da wuri, abin da hasashen shekara da hukumar yanayi ta Najeriya, NiMet, ke fitarwa a farkon kowace shekara yake ƙoƙarin amsawa jiha-jiha.

Wuraren da suka rage mace-macen zafi sun fara ne da ƙirgawa. Faransa ta kafa tsarin gargaɗi da rajistar tsofaffin da ke zaune su kaɗai bayan 2003. Birnin Ahmedabad na Indiya, bayan zafin Mayun 2010 ya kashe sama da mutum 1,300, ya fito da shiri a 2013: lambar da idan an kai ta za a yi shela, a tanadi ruwan sha a tituna, a shirya asibitoci, daga baya kuma aka ƙara da shafa wa rufin gidaje farin fenti. Kowane gari da tasa lambar, kuma ana samo ta ne ta hanyar ɗora littafin tashar yanayi kusa da littafin mamatan garin, a ga daga digiri nawa jana'iza ke fara yawaita. Kano da Maraɗi da Maiduguri suna da littafi na farko, ko da da giɓi. Na biyun ne har yanzu mafi yawan mace-macen da ke faruwa a gida ba sa shiga cikinsa.